Dallol daga sama: kundin aikin hoto

18 ga Nuwamba, 2023, Kano

Shawara ta tsaya a kan Danakil, kwarin nan da ke yankin Afar a arewa maso gabashin Habasha. Abin da nake nema hotuna ne kamar ashirin, manya, na ratayewa a bango, dukkansu an ɗauke su daga sama da jirgi mara matuƙi, kyamara na kallon ƙasa kai tsaye. Ba gaɓar sama a ciki, ba tsaunin da zai gaya wa mai kallo inda gabas take. Ƙasa kawai da abin da wutar ƙarƙashinta ta yi mata.

Na yi tunanin Aisland, amma masu ɗaukar hoto sun tattake ta, ga tsada, ga wahalar biza. Yellowstone ta Amurka kuwa ba ta ma shiga lissafi ba, don tun 2014 aka hana tayar da jirgi mara matuƙi a gandayen ƙasa na Amurka. A watan Agustan shekarar ne wani ɗan yawon buɗe ido ya tayar da nasa, ya faɗa cikin babban idon ruwan zafi na Grand Prismatic, kotu ta ci shi tara.

Cibiyar aikin Dallol ce (mutanen Nijar, ba Dallol Bosso nake nufi ba). Tudu ne na gishiri a tsakiyar fili wanda ya yi ƙasa da teku da kusan mita 120. Can a zamanin da, ruwan Bahar Maliya ya sha malalowa cikin kwarin yana ƙafewa, har ya bar gishirin da kaurinsa ya wuce kilomita guda. A ƙarƙashin gishirin akwai narkakken dutse, saboda a Afar ne faifan ƙasa uku, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya, suke rabuwa da juna: na Larabawa, na Nubiya da na Somaliya. Ruwa ya sauka, wuta ta dafa shi, ya taso ta cikin gishiri ɗauke da asid da ƙarfe. Abin da ya zubar a saman tudun shi nake so in ɗauka.

Sharuɗɗa biyu na gindaya wa kaina. Ba zan ƙara wa launi ƙarfi a kwamfuta ba. Kuma kowane hoto zai fito da ranar da aka ɗauke shi da lambobin GPS na wurin.

9 ga Disamba

Takardu. Habasha ba ƙasar da ake shiga da jirgi mara matuƙi a jaka a yi shiru ba ce, sai da izinin hukuma tun kafin a sauka, in ba haka ba a filin jirgi za a riƙe shi. Kamfanin da zai kai ni shi ke bin takardun a Adis Ababa, sun nemi lambar jikin jirgin da jerin wuraren da zan tayar da shi. Dallol na kusa da iyakar Eritiriya, ba a zuwa sai da rakiyar masu bindiga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a Janairun 2012 an kashe Turawa biyar a Erta Ale, dutse mai aman wuta da ke cikin kwarin, a Disamban 2017 kuma aka harbe wani Bajamushe a can.

Da ta Makele, babban birnin Tigrai, akasari ake bi, amma yaƙin Tigrai na 2020 zuwa 2022 ya sa masu kai baƙi da yawa suka koma bi ta Semera, babban birnin Afar. Ta nan zan bi.

14 ga Janairu, 2024, Afdera

Daga Semera zuwa tafkin Afdera kwalta ce mai kyau, manyan motocin gishiri sun cika ta. Na gwada jirgin a kan gonakin gishiri na bakin tafkin, inda ake jawo ruwa da famfo a zuba a fadamu masu kusurwa huɗu a bar wa rana. Daga sama suna da kyau, amma kyawun hannun mutum ne, layi a miƙe, kusurwa a daidaice. Ba su cikin wannan aikin. Amfanin tsayawar dai na ga yadda batir ke yi da zafi: wanda ya kwana a mota ya sha rana, jirgin ƙin tashi yake yi da shi har sai ya huce. Yanzu batura suna kwana a cikin kular ruwan sha, a ƙulle cikin leda.

Direba ya ce gobe za mu tashi ƙarfe 12 na safe, wato ƙarfe 6 a agogona. Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙidayar awa. Duk alkawarin lokaci sai na tambaya, agogon wa?

16 ga Janairu, Erta Ale

Dutsen bai da wani tsayi, mita 613 ne, shimfiɗaɗɗe, baƙi ƙirin. An san shi da tafkin narkakken dutse da ya shafe shekaru da dama yana tafasa a cikin ramin ƙoƙonsa, amma fashewar da ya yi ta gefe a Janairun 2017 ta sauya masa hali. Abin da na tarar ɓawo ne baƙi ya rufe ramin, da wasu ƴan tsibin duwatsu masu huci suna tofar da jan wuta jefi-jefi.

Wurin ba ya son jirgi. Dutsen na da ƙarfe a jikinsa, da zarar an ajiye jirgin a ƙasa sai na'urar nuna alƙibla ta rikice, dole daga kan akwati nake tayar da shi, ko daga tafin hannu. Iska mai zafi da ke tasowa daga tsagogin tana ɗaga shi ba zato, hayaƙin farar wuta kuma yana shaƙe mutum tun kafin ya yi wa na'ura illa. Ban kusanci bakin wutar ba. Hoton jan wuta cikin duhu kowa ya yi shi, kuma kowanne kamar ɗan'uwansa.

Abin da ya biya ni shi ne hantsi, a kan tsohuwar malalar da ta daskare. Daga mita 40 ana ganin yadda dutsen ya nannaɗe yana sanyi, malala a kan malala, sabuwa na sheƙi, tsohuwa ta dushe ta yi toka-toka. Baƙi iri-iri ne a hoto guda. Ban san yadda takarda za ta ɗauke su ba tukuna, amma ina jin da su za a buɗe jerin.

18 ga Janairu, Hamed Ela

Ƙauye ne na bukkokin itace da duwatsu, nan ake kwana kafin a shiga Dallol. A waje ake kwana a kan gadon igiya. Wannan wai shi ne lokacin sanyinsu. Ma'aunin da aka yi a Dallol tsakanin 1960 da 1966 ya ba da matsakaicin zafin shekara sama da digiri 34, dare da rana, rani da damina a haɗe, kuma har yau shi ake ambata a matsayin mafi girma da aka taɓa aunawa a wurin da mutane ke zaune.

Mun yi magariba da mutanen gari. Afarawa Musulmi ne, sallama da ɗan Larabcin da nake da shi sun buɗe mini ƙofar da takardun Adis ba su buɗe ba.

19 ga Janairu, Dallol

Rana na fitowa wajen ƙarfe bakwai saura minti goma. Dallol na kan layi kusan ɗaya da Damagaram, digiri 14 arewa, don haka ba ta jan jiki, tana leƙowa take hayewa. Haske mai laushi bai fi na rabin awa ba.

Da ƙafa ake hawa tudun, a kan gishiri mai kaifi, ja-ja, da ke ƙara ƙarƙashin takalmi. Sai kawai mutum ya tsinci kansa a bakin filin launi: ƙananan tafkuna masu ruwan tsanwa, kowanne da gaɓarsa ta gishiri ruwan ɗorawa, hawa-hawa, da ƴan hasumiyoyi farare suna tsartuwar ruwan zafi. Ruwan na fitowa da zafin da ya haura digiri 100, gishirin da ke cikinsa ne ya sa bai ƙafe nan take ba, kuma asid ɗinsa ya kai inda ma'aunin pH ke nuna sifili ko ƙasa da haka. Ɗan rakiyarmu Ba'afare yana gaba, inda ya taka nan ake takawa, don ɓawon a wasu wuraren bai fi kaurin yatsa ba.

Na lura haske biyu ake bukata, kuma ba sa zuwa tare. Da sassafe rana na kwance, gaɓoɓin gishirin suna yin inuwa, siffa ta fito sarai, amma ruwan ya yi duhu. Sai rana ta ɗaga hasken ke shiga cikin ruwan, tsanwar ta kunnu, a lokacin kuma inuwa ta gudu, komai ya baje. Tsakanin ƙarfe takwas da tara ne suke ɗan haɗuwa. Bayan haka wata matsala ke shigowa: a Janairu rana a nan ba ta kaiwa tsakar ka, iyakarta kamar digiri 55, saboda haka da faffaɗan gilashin kyamara ƙyallinta kan ruwa yana faɗowa a gefen hoton ya ƙone shi fari fat. Da gilashi mai jawo nesa ƙyallin na tsayawa a wajen hoton. Gilashin kashe ƙyalli ba ya taimakawa sosai in ana kallon ruwa daga sama tsaye.

Wajen ƙarfe goma wayar da ke nuna mini abin da jirgin ke gani ta yi zafi ta rage haskenta da kanta. Muka sauko.

20 ga Janairu

Yau na fahimci abin da nake ɗauka, kuma ya sauya tsarin aikin gaba ɗaya.

Jiya ina bin launi ne kamar mai tsintar abin da ya fi kyau. Yau na tashi sama sosai, mita 100, na ga filin a dunƙule, sai na ga launukan ba a warwatse suke ba, a jere suke. A bakin kowane ido mai rai fari ne tas. Ɗan gaba kaɗan kore mai haske. Sai ruwan ɗorawa, sai ruwan goro, sai ja, can gefe inda idon ya mutu tuntuni sai ruwan makuba da ya kusa zama baƙi. Kowane ido da zobensa, kuma jerin bai taɓa juyewa ba.

Ƙarfe ne ke yin wannan. Ruwan na tasowa daga ƙarƙashi inda babu iska, ɗauke da narkakken ƙarfe da bai taɓa haɗuwa da iskar shaƙa ba. Da ya fito fili sai ƙarfen ya fara tsatsa sannu a hankali, kowane mataki da launinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san wannan: zane na fitowa daga karofi kore-kore, sai marini ya ɗaga shi ya sha iska, ya koma shuɗi a gaban idonka. Bambancin dai na marina cikin mintoci ne, na Dallol kwanaki ne da makonni. Akwai farar wuta ma, musamman a bakin ramukan hayaƙi, amma jerin launin na ƙarfe ne.

A Yellowstone zoben launin da ke kewaye da ruwan zafi ƙananan halittu ne ke yin sa, kowane iri da zafin da yake iya jurewa. A nan ba haka ba ne. Masu binciken da suka fitar da sakamakonsu a 2019 sun nemi alamar rai a tafkunan Dallol masu tsananin asid da gishiri ba su samu ba. Launin nan babu mai rai a cikinsa.

Ma'anar wannan ga aikina ita ce launi shekaru ne. Fari jariri, makuba tsoho. In na ƙara wa ruwan goro ƙarfi a kwamfuta har ya koma ja, na ƙara wa wurin kwanakin da bai yi ba. Sharaɗin da na gindaya a Nuwamba don ƙyamar hotunan intanet masu launin alewa na yi shi, yanzu ya sami dalili mafi ƙarfi. Kuma jerin hotunan a bango zai bi wannan tsari: a fara da baƙin Erta Ale, a shiga fari, a bi ta kore da ɗorawa har a ƙare a makuba.

Na ajiye katin launi a kan gishiri na ɗauke shi daga sama a kowane tashi, don in sami abin dogaro idan na koma gida ido ya manta.

21 ga Janairu

Lissafin girma. Daga mita 30 faffaɗan gilashin na ɗaukar fili mai faɗin mita 43 ko kusa da haka, a kan ɗigon hoto (pixel) 5,280, wato kowane ɗigo kamar milimita 8 na ƙasa. In za a buga hoto mai faɗin mita guda wanda mutum zai matso ya dube shi, ana son ɗigo sama da 9,000. Dole in riƙa ɗaukar wuri guda gunduwa-gunduwa, kowace na hawa kan ta kusa da ita da sulusi, in ɗinke su daga baya. Tururi ne abokin gaba, don ba ya tsayawa inda yake tsakanin gunduwa da gunduwa.

Da yamma muka je Gaet'ale, wani ɗan tafki ruwan goro da ke ɓulɓula ba tsayawa, wanda ya bayyana bayan girgizar ƙasar 2005. Gishirinsa ya kai kashi 43 cikin ɗari, ya zarce na Tekun Lut nesa ba kusa ba. Ruwan na da santsi a hannu kamar mai. Akwai matattun tsuntsaye a gefensa, iskar da ke fita daga ciki tana kwanciya ƙasa-ƙasa ta shaƙe su. An hana mu durƙusawa a bakin ruwan. Daga sama hoton bai yi ba, tabo ne kawai a kan fari.

Kangon Italiyawa da ke saman tudun, inda suka haƙi sinadarin fotash na yin taki a farkon ƙarni na 20, na zagaya shi da ƙafa. Bangon gishiri ne ya narke ya sunkuya, ƙarafa sun zama gari. Ban ɗauka daga sama ba.

22 ga Janairu, tafkin Karum

Filin gishiri ne fari har iyakar gani, ya tsattsage gida-gida mai kusurwa biyar da shida. A nan masu saran gishiri ke aiki: wasu su zura sanduna a tsaga su ɓamɓaro babban falle, wasu su zauna da ƴar gatari su sassaƙe shi daidai girman da za a ɗaura wa raƙumi. Irin wannan sandar gishiri, amole, ta daɗe tana matsayin kuɗi a Habasha. Ayarin ya ragu ƙwarai tun da hanya ta iso, motoci sun karɓe yawancin lodin. Na nuna musu hoton kantun Bilma a waya, suka yi ta mamakin a ce gishiri sai an zuba shi a mazubi kafin ya yi siffa.

Kafin in tayar da jirgin na nemi izinin dattijon cikinsu ta bakin tafinta. Ya ce a bari raƙuma su gama ɗaukar kaya, ƙarar tana firgita su. Muka jira. An kuma yi ciniki a kan abin da zan bayar, wanda daidai ne, wurin neman abincinsu na zo ɗauka.

Hoton da ya fito ya dame ni, don ya fi kowanne saurin kama ido: raƙuman ƴan ɗigo ne daga sama, inuwarsu ce ta miƙe a kan farin gishiri da cikakkiyar siffa. Irin wannan an sha yin sa a hamadu da yawa. Kuma da zarar ya shiga jerin, shi kaɗai za a tsaya a gabansa.

10 ga Fabrairu, Kano

Na kai wa maigidana, wanda ya koya mini aikin tun zamanin wankin fim, ƙananan gwaji a kan takarda. Ya juya ɗaya sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Kai yaro, wannan tsatsar kwano ce ka matsa kusa ka ɗauka, ko ƙasa ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, faɗin abin da ke hannunka ya kai mita 40."

"To wa zai gaya wa mai kallo? Kai za ka tsaya a gindin kowane hoto?"

Shi yana ganin a sa hoton raƙuman a tsakiya, ido ya sami ma'auni. Ni ina ganin rashin ma'aunin shi ne abin da kallon sama ke bayarwa, mutum ya ɗan rasa inda yake kafin ya karanta. Inda muka tsaya: ƙarƙashin kowane hoto, tare da rana da GPS, za a rubuta faɗin ƙasar da ke ciki da mita. Raƙuman za su koma bangon ƙofa su kaɗai, a wajen jerin. Bai gamsu ba, ya ce dai aikina ne.

23 ga Maris

Azumi, don haka aikin kwamfuta ya koma bayan tarawihi. Ya ma fi, ɗaki ba hasken rana da zai ruɗi ido. Na gama ɗinkin yawancinsu. Guda biyu tururi ya lalata, ɗinkin ya fito fili, na cire su maimakon in yi musu kwaskwarima.

Da na daidaita launi da katin da na ɗauka a wurin, sai ga shi hotunan sun fi abin da nake tunawa sanyi. Zafi da warin asid da ƙishirwa duk suna ƙara wa launi ƙarfi a ƙwaƙwalwa. Na bi katin.

27 ga Afrilu

Gwajin bugu ya dawo daga Legas. Ja da goro da makuba sun fito yadda suke. Koren nan mai haske da ke bin bayan fari shi ne ya ƙi: fuskar kwamfuta da haske take yin sa, tawada kuwa ba ta kai can ba, sai ya koma kore mai datti. A takardar auduga marar sheƙi abin ya fi muni, kuma baƙaƙen Erta Ale sun haɗe sun zama baƙi guda. A takarda mai ɗan sheƙi sun rabu, koren ma ya matso. Mai bugun ya ce injinsa na da tawadar kore da ta ruwan goro daban, zai sake auna takardar ya gwada da su. Ya ba da shawarar a ɗan karkata koren zuwa ɗorawa don ya yi haske, na ce a'a, gara ya dushe yana matakinsa da ya yi haske ya tsallaka na gaba.

Matakin fari ne ya yi ƙaranci a jerin, hotuna masu ƙarfi ba su wuce biyu ba, saboda idanu sababbi ƙanana ne kuma tururi ya fi rufe su. Wannan na bukatar komawa. Idanun Dallol suna mutuwa wasu su buɗe a wani gefen, don haka zan koma kan lambobin GPS ɗin nan, tsayi ɗaya, sa'a ɗaya, in ɗauki abin da wurin ya zama, a rataye su biyu-biyu. Na rubuta wa kamfanin a fara neman sabon izini don watan Disamba, a ƙara jirgi na biyu a takardar.